Sabon Huhu ga Tsohuwar Hilux

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau da hantsi na shigo da motar tsakar gida, ta wajen katangar da ruwan ƙarshen Agusta ya kayar, wadda har yanzu zana ce ke tsare wurin. Da katangar na tsaye da ba ta shigo ba, ƙofarmu ba ta kai faɗinta ba. Na ajiye ta ƙarƙashin bedi, na tokare ƙafafun da duwatsu, na cire batir. Ba za ta sake taka kwalta ba sai da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, in Allah ya yarda.

Hilux ce ƙirar 1994, mai inji 3L: silinda huɗu, lita 2.8, gazuwal take sha, kuma haka kamfani ya fito da ita babu turbo. A takarda ƙarfinta ya kai doki 90 lokacin tana amarya. Bayan shekara 30 da kilomita 412,000, Allah kaɗai ya san dawaki nawa suka rage a turke. Ba ta taɓa kwana da ni a daji ba, wannan shaidar zan ba ta ko'ina. Amma in na ɗora mata taki ko siminti na nufi Tasawa a lokacin hunturu, iskar gabas na dukan goshinta, giya ta biyar sai dai a gan ta a jiki. In tirela ta shiga gabana bayan Caduwa, haka zan bi ta ina shan hayaƙinta har Agye, don ban isa in wuce ba.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa ne a Jiratawa, da ɗan safarar aya da wake in kaka ta yi. Inji ba baƙona ba ne, amma turbo ban taɓa ɗaura ta da hannuna ba.

Kawu ya zo da la'asar. Shekara 30 ya yi yana kwance manyan motoci, tun zamanin Berliet. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Ɗan nan, jaki kake so ka mayar doki?" Na ce, "A'a Kawu, so nake jakin ya daina haki." Bai yi dariya ba. Ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ce in kula da kulas, wato kan injin, don wannan dangin ba sa son zafi, kansu ke fara tsagewa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kafin in kashe ko dala, na aro agogon gwada matsi na cire filogin ɗuma silinda guda huɗu, na gwada ɗaya bayan ɗaya. Na samu 29, 28, 29, 27. Littafin injin ya ce lafiyayye yana ba da 32, kada ya gaza 20, kuma kada tazarar silinda da ƴar uwarta ta wuce 5. Ke nan tsohuwar da sauranta. Da na ga 22 ko 23 da a nan zancen ya mutu, don mai ciwon ƙirji ba a sa shi tsere.

Abin da ya kamata duk mai irin wannan tunani ya riƙe shi ne, 3L yana matse iskar da ya shaƙa sau 22 da ɗan ɗoriya kafin a fesa mata mai. Wannan matsi ne mai yawa tun ba a ƙara masa komai ba. Injinan da aka ƙera don turbo ana rage musu wannan adadi, a kuma ba su fistin da ya dace. Nawa ba a yi masa wannan gatan ba. Saboda haka na yanke wa kaina doka tun yau, na rubuta da alli a bangon ɗakin kaya: matsin iskar turbo kada ya wuce rabin bar, wato 0.5 a agogon matsin iska. Ƙanena ya karanta ya ce rowa ce.

Na sauya bel ɗin tayimin tunda gaban injin a buɗe yake. Kowane kilomita 100,000 ake sauya shi, wannan ya wuce da 12,000, kunya ta hana in gaya wa Kawu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kaya sun iso. Ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke Kano ya samo mini su, aka aiko ta Katsina da Jibiya, direban da ya ci kasuwar Lahadi ya sauke mini buhun a tasha da magariba. Tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris kaya suna shigowa ba wahala sosai. Duka da kuɗin mota jika 165.

A cikin buhun akwai turbo CT20 da aka kwanto daga inji 2L-T, ƙanen injina mai lita 2.4, da manifol ɗinta na baƙin ƙarfe, wato mahaɗar da ke tattara hayaƙin silinda, da gwiwar da hayaƙi ke sauka ta ciki, da bututun da ke tsallake kan inji ya kai iska ɗaya ɓangaren. Dalilin da na nace sai ta 2L-T shi ne gida ɗaya suka fito, ramukan manifol ɗin suna hawa kan kusoshin 3L ba sai an yi fafe-fafe ba.

Na zauna kan tabarma da cocila a baki ina duba ta. Na kama sandar tsakiya da yatsa biyu: tana ɗan motsi gefe da gefe, wannan ba laifi ba ne, mai ne ke cike gurbin in inji na aiki. Gaba da baya kuwa ko gezau, kuma nan ne abin tsoron. Fukafukan farfelar iska ba su karye ba, ba su goga jikin gidansu ba. A bakin ƴar ƙofar da ke zubar da rarar hayaƙi akwai tsaga siririya kamar gashi, ba ta kai inda murfin ke zama ba. Na bar ta.

Ɗana mai shekara 11 ya tsuguna gefena ya ce, "Baba, ina wayarta?" Ya zaci da lantarki take juyawa. Na hura masa ɓangaren hayaƙi da bakina, ɗaya ɓangaren ya juya. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin da inji ke zubarwa a banza shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta cusa iska cikin inji. In aiki ya yi aiki tana wuce juyi 100,000 a minti. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista tun 1905. Yaron bai damu da Büchi ba, ya karɓe ta ya yi ta hurawa har kansa ya fara juyawa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kwana uku ina jiƙa notocin tsohon manifol da gazuwal da man birki, safe da yamma. Bakwai sun fito suna kuka. Na takwas, na can baya kusa da bangon da ya raba inji da direba, na ji ya yi laushi a hannuna, na yi murna, ashe kusar ce ta murɗe. Ta karye, abin da ya rage a waje bai kai tsawon ƙwayar gyaɗa ba.

Na ɗauko na'urar huda zan fara, Kawu ya riƙe mini hannu. Ya ce a wannan lungun ba mai huda ta tafi daidai, in ta kauce ta shiga hanyar ruwa shi ke nan an yi gyaran gangar Abzinawa. Ya aika aka kira mai walda na bakin titi, ya zo da injinsa a kan amalanke. Ya ɗora wasa, zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti, a kan guntun kusar ya ɗiga mata wuta, ya ɗora noti a kan wasan ya cika cikinsa har ya yi ja kamar garwashi. Na miƙa hannu da sifana, Kawu ya ce, "Bari ya huce tukuna, ina kake sauri?" Aka dafa shayi aka sha na fari. Sannan ya karɓi sifanar da kansa, bai murɗa gaba ɗaya ba, sai ya riƙa yi mata kaɗan gaba kaɗan baya, kamar mai girgiza haƙorin yaro. A karo na shida ko na bakwai muka ji ƙis. Ta fito da haƙoranta cif. Zafin waldar ne ya farfasa tsatsar da ta riƙe ta.

Sababbin kusoshi takwas na saya, ba ɗaya ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Ban taɓa ta ba. Injin ban ruwa uku suka lalace a Jiratawa, masu zogale suna ta kira. Kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, na samu yini guda cur, na ba hanyar mai.

Mutane in sun ji an ce sa turbo, hankalinsu na tafiya wajen ita kanta dodon-koɗin. Ɗaura ta a manifol noti huɗu ne, yaro ma ya yi. Aikin yana wajen jijiyoyinta: mai ya shiga, mai ya fita, ruwa ya zagaya.

Kafin in ɗaura manifol na huda shi a mahaɗar da hayaƙin silinda huɗu ke gamuwa, na yanka wa ramin haƙora don kan agogon zafin hayaƙi. A ƙasa na yi, na wanke shi tas da gazuwal, na busa. Wanda ya huda bayan ya ɗaura, garin ƙarfen farfela zai nufa kai tsaye. Agogon nan jika 28 ya ci, ƙanena ya ce da kuɗin aka sayi rediyo da ya fi. A wurina ya fi turbo ɗin kanta muhimmanci, in ba shi tafiyar makaho za a yi.

Man shiga na ɗauko shi daga inda na'urar fitilar mai take a jikin inji, na sa mahaɗa mai baki uku. Tiyon kuma masu haɗa wa manyan motoci tiyon haidiro suka matse mini, mai saƙar ƙarfe a jiki. Na fita shi ne mai rigima. Ba famfo ke tura shi ba, gangarowa yake da nauyinsa, don haka dole ya zama mai faɗi, ya sauka a miƙe, ya shiga kaskon mai sama da inda mai ke kwanciya. Na zubar da mai na kwance kaskon, na auna, mai walda ya liƙa mini guntun bututu mai faɗin milimita 19 can sama kusa da baki. Na cika kaskon da kananzir na bar shi awa biyu a kan takardar siminti, ko ɗigo babu.

Ruwa na ɗauko daga tiyon hita, wadda ba ta da aiki a garin nan in ba asubahin Janairu ba.

Tsakanin bututun turbo da na kasko akwai tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba. Ban samu tiyo mai jure mai da faɗin ya dace ba, dare ya yi, na yanko guntun tiyon lagireto na sa. Na ce na wucin gadi ne.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar salansa. Tsohuwar siririya ce, tukunyarta cike da ɗakuna. Inji marar turbo ya saba da ita. Turbo kuwa bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta ke juya ta, duk abin da ya tare hayaƙi bayan ya wuce ta yana rage mata kuzari, yana kuma tara zafi. Na sayi bututu mai faɗin milimita 63, mita uku, da tukunya wadda in ka leƙa ta wannan baki kana hango haske a wancan.

Babu na'urar lanƙwasa bututu a kusa, kuma in aka tanƙwara shi haka kawai sai gwiwar ta lotsa, faɗin da aka saya da kuɗi ya tafi. Mai walda ya ce in kawo masa yashin gulbi. Na aiki yara suka ɗebo buhu guda. Bai zuba ba sai da ya soya shi a kan faranti har ya daina tururi, ya ce ɗanyen yashi in ya ji wuta cikin bututun da aka toshe, bindiga ce. Ya cika, yana bubbuga jikin bututun da guduma har yashin ya daina sauka, ya toshe da itace, ya gasa wurin gwiwar har ya yi ja, muka ja a hankali mu biyu a jikin tsohon gangan taya. Gwiwa uku muka yi, biyu sun fito sumul, ta ukun ta ɗan yamutse ta ciki, na karɓa a haka.

Na sa masa guntu mai saƙa, mai lanƙwasuwa, kusa da inda bututun ya kwanta bayan ya sauko. Ya ce ɓarnar kuɗi ce. Inji yana rawa a kan robobinsa, salansa kuwa a jikin shasi take rataye, kuma hanyar Dakwaro in ka sauka daga kwalta ba ta san wasa ba. In babu abin da zai sha wannan girgiza, wuyan turbo ne zai sha. Na kuma yanka farantin alminiyom na kare wayoyin da ke wucewa kusa, na bar tazarar yatsa tsakaninsa da ƙarfen.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Hazo ya sauko, ba a ganin ƙarshen layinmu. Na shafa yatsa a kan murfin inji da na goge jiya, ya fito fari. Wannan ƙurar ce abin tsorona fiye da komai a ɓangaren iska. Farfelar da ke juyi dubbai in tana shaƙar ƙura, bakin fukafukanta cinyewa yake kamar an goga da takardar yashi. Wani ya ba ni shawarar in sa irin buɗaɗɗiyar filtar nan mai kama da hula, wai tana ba da ƙara mai daɗi. A Maraɗi? Na bar gidan filta na asali, na sa sabuwar takarda, kowace mahaɗa na ɗaure da maɗauri biyu.

Tiyon numfashin inji, wanda ke fitowa daga murfin sama, na mayar da shi gaban turbo, tsakaninta da filta. In aka bar shi inda yake, iskar da aka matse cikin inji za ta koma ta nan, ta tura mai ta kowace kafa.

Asabar, 11 ga Janairu

Ta tashi.

Sabon mai 15W-40, sabuwar filtar mai. Na ɗura mai a bakin turbo da sirinji ina juya farfela da yatsa. Na zare wayar da ke buɗe wa famfo gazuwal don kada inji ya kama, na sa ƙanena ya riƙa murɗa makulli daƙiƙa goma-goma har fitilar mai ta mutu. Kawu ya sa na cire tiyon shigar iska, ya tsaya da guntun katako a hannu. Injin gazuwal in ya samu mai yana kwarara ta hanyar iska, da shi zai ci gaba da gudu ko an zare makulli, har ya tarwatse, kuma maganinsa kawai a toshe masa numfashi. Ya ce ya taɓa gani sau ɗaya a rayuwarsa, ba ya son na biyu.

Na mayar da waya. Bugu ɗaya ta kama. Katakon bai yi aiki ba, alhamdu lillahi. Muryarta ta sauya, ta yi kauri, can ƙasa kuma wani siririn fito yana biyo totur. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, to yanzu za a ba mu tsakar gidanmu?" Na ce saura ƙiris.

Litinin, 13 ga Janairu

Daren jiya ban yi barcin kirki ba. Na fita da ita zuwa hanyar Madarumfa, tafiyar minti 20 lafiya lau. A dawowa na tsaya a bakin kasuwa, ina tashi sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayana har mai kabu-kabu ya yi mini tsawa. Na iso gida na cire bututun sama, cikinsa sharkaf da mai.

Na kira ɗan uwana na Kano na faɗa masa maganganun da bai kamata ba. Na ce an haɗa shi da matacciya shi kuma ya turo mini.

Asabar, 18 ga Janairu

Laifina ne. Kwana biyar ina lissafin kuɗin wata turbo, yau na kwanta ƙarƙashin motar zan kwance ta, hannuna ya taɓa guntun tiyon nan na wucin gadi. Ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffen rogo. Na yanke shi na tsaga: fatar ciki ta saɓule ta naɗe, ramin da ya rage ɗan yatsana ƙarami bai shiga ba. Robar tiyon ruwa ba ta jure mai, balle mai zafi.

Abin da ke tsare mai a cikin turbo ba roba ba ce, ƴan zobban ƙarfe ne irin na fistin, kuma ba a yi su don su tare tafki ba. Muddin mai na samun hanyar gangarawa ba ruwansu. Da hanya ta toshe sai ya taru ya haura, ya tsallake ta gaba da ta baya. Turbo ɗin lafiyarta ƙalau.

Na samo tiyon haidiro na komawar mai wurin masu manyan motoci, jika 3 kacal. Na wanke bututun iska duka. Salansa ta yi kusan kilomita 30 tana ƙone abin da ya taru a cikinta, sannan hayaƙin ya ɗauke. Na kira Kano na ba da haƙuri. Ya ce, "Yaya, ai na san za ka kira," ya kuma ce in aiko masa da aya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji na farko da kaya, buhu 10 na taki zuwa Agye. Allurar iska ta tsaya a 0.5 daidai, ban taɓa sandar ƴar ƙofar ba. Baƙin hayaƙin da take yi a da in na taka ya ɓace gaba ɗaya. Zafin hayaƙi bai wuce digiri 520 ba. Ƙarfi kuwa, in gaskiya za a faɗa, ƙaruwar kaɗan ce. Ƙanena ya yi ta kallona ta gefen ido.

Haka ya kamata ya kasance. Turbo iska take kawowa, ƙarfin a cikin gazuwal yake. Famfon 2L-T yana da wata ƴar tukunya a kansa da ke jin matsin iska ta ƙara mai daidai da shi, nawa ba shi da ita. Abin da nake da shi wata kusa ce mai haƙori a bayan famfo, da noti mai kulle ta. In ka tura ta ciki mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, zafi ma ya ƙaru, su ukun ba sa rabuwa. Injin gazuwal ba kamar na esansi ba ne, shi yawan mai ke ƙona shi.

Na tura ta kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, na gwada. Na sake wani kashin, na gwada. A nan na ji ta: giya ta biyar ta riƙe 85 da kaya, iska na gabanta, agogo yana 620, in na daɗe da taka totur ya leƙa 650. Alminiyom, wanda da shi aka yi fistin, yana narkewa a 660. Fistin ba ya kai zafin hayaƙin da ke wuce shi, don mai da sabuwar iska na sanyaya shi, amma ni dai 650 ne shingena. Na kulle noti, na gyara salo da ya ɗan hau, na ari jan farcen ƴata na ja layi daga kusar zuwa jikin famfo.

Na yi nadamar abu ɗaya: da na sa agogon nan tun kafin turbo, da yanzu na san zafin da ta yi shekaru tana sha ban sani ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙanena ya kai kaya Tasawa ranar Laraba, ya dawo yana ta yabon motar, wai ta zama kura. Jiya na ɗauke ta zuwa Gidan Rumji. Tun daga fita gari na ga baƙin hayaƙi a madubi. Da na taka don in wuce wata babbar mota, allurar zafi ta haura 700 kamar ana jan ta da igiya, kafin in ɗaga ƙafa ta taɓa 760. Agogon ruwa kuwa yana tsakiya abinsa, ko motsi bai yi ba. Wanda ke dogara da shi sai kulas ya gama tsagewa zai ji labari.

Na tsaya gefen hanya, na bar ta tana salo har ta huce, na buɗe. Layin jan farce ya rabu biyu, kusan rabin zagaye.

Da daddare na tsare shi. Ya ce wani bakanike ne a tasha ya ce masa an ɗaure wa motar wuya, ya sake mata da jika ɗaya. Na ce, "Kai da agogon nan a gabanka, ba ka ga allura ba?" Ya ce, "Yaya, na ɗauka in ta hau ƙarfi ne ke ƙaruwa." Na rasa abin cewa, don ni ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Yau na mayar da kusar kan layinta, na liƙa jan tef a kan gilashin agogon daidai 650, na ce masa in allura ta taɓa nan ya ɗaga ƙafa ko ya sauko giya ɗaya, ko da kuwa gobara ce a bayansa. Na sake gwada matsi: 29, 28, 28, 27. Ruwan lagireto ba ya kumfa. Mun tsallake rijiya da baya.

Asabar, 22 ga Maris

Azumi, aikin sai bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Bazara ta ƙwanƙwasa ƙofa, don haka na koma kan sanyaya. An wanke lagireto an zare masa tsatsa layi-layi. Kan fanka ya saki, ana tsayar da shi da ƴar takarda inji na zafi, na buɗe na ƙara masa man silikon. Yanzu in ya kama ana jin gurnaninsa. Na sake bin notocin manifol, biyu sun ɗan saki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Dakwaro, da tsakar rana da gangan, buhu 10 na dusa da injin ban ruwa ɗaya. Wayata ta ce digiri 43. Kawu ya ce zai raka ni, wai yana da gaisuwar mutuwa a can, amma tun da muka fita idonsa na kan agogo.

A kwalta iska 0.5, hayaƙi tsakanin 560 da 610, ruwa ya ɗan gota tsakiya sau biyu fanka ta mayar da shi. Iskar da turbo ke matsawa zafi take yi, bututun saman nan ba ya taɓuwa da hannu, kuma a irin wannan rana ana jin ƙarfin ya ragu a kan na Fabrairu. Lagireton iska ne maganinsa, sai bayan kaka in aya ta yi kuɗi. Da muka sauka cikin yashi zuwa ƙauyen da za a kai injin, a giya ta biyu allura ta taɓa tef sau uku, sau ukun na sassauta. Gazuwal lita 11 da ɗan kai a kilomita 100, kusan yadda take sha a da.

Mun isa, na tsaya a inuwar gawo, Kawu ya ga ban kashe ba ya ce me nake jira. Na ce minti biyu take so, in aka kashe ta da zafi man da ke cikin turbo ƙonewa yake ya zama gawayi. Ya ce ya sani, gwada ni yake. Ya fita ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa sabon tiyon ya duba yatsarsa, ya ce maɗaurin ƙasa yana ɗan gumi, in ƙara masa rabin murɗi kafin mu juya.